Wa Ne Maigida?

Masu turo mini saƙo cewa na cika taurin kai, na gani. Masu cewa in riƙe mutumin nan hannu biyu don irinsa ba su da yawa, ku ma na gani. Ku karanta wannan tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce auta a gidanmu. Na yi karatun ƙididdiga a waje, na dawo, na samu aiki a sashen tsare-tsare da bincike na ma'aikatar da ke kula da mata da yara da iyali. A ofis 'Yar Waje suke ce mini, wai ina magana kamar mai karanta takardar magani. Mai nemana kuwa mataimakin daraktan sashenmu ne. A wayata Mataimaki na rubuta. Mama tuni ta ƙara masa girma, Darakta take ce masa.

Kafin in dawo, sashenmu ya yi babban bincike gida-gida. Mataimaki ne ya tsara tambayoyin, shi ya rubuta rahoton. Abin da rahoton ya ce a taƙaice: gidajen da mace ke riƙe da su ita kaɗai ba su taka kara sun karya ba. Don haka sabon tsari ya ba da shawarar a rufe yawancin gidajen renon yara na gwamnati, tunda saboda irin waɗannan matan aka buɗe su. Ranar Talata kwamiti zai zauna ya sa hannu.

Yayata tana kai 'yarta ɗaya daga cikin gidajen nan. Aurenta ya mutu. Tana haya can ƙarshen gari, tana aiki a gidan burodi tun da safe har la'asar. Yarinyar, Ɗigo muke ce mata, ba ta isa makaranta ba. In aka rufe gidan renon, Yaya ba ta da inda za ta ajiye ta, aikin ne zai tafi. Ba ta san da shawarar ba. Ni ma ban gaya mata ba, don ban san da wane baki zan ce saurayina ne ya rubuta ba.

Tun da na fara duba alƙaluman suka ƙi kwanta mini. A layinmu kaɗai na san gidaje da dama da mata ke ciyarwa. Amma na bi lissafin sama da ƙasa, babu kuskure ko ɗaya.

Sai ranar Asabar.

Ranar ce Mataimaki zai zo gaishe da Mama. Tun da hantsi aka sauke labulen falo aka sa masu ruwan zuma, waɗanda ba sa fitowa sai da dalili. Aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinariya. Mama ta sa ni cire rigar da na sa, ta miƙo mini wata doguwa shuɗiya da ta ɗinka da kanta, mai duwatsu a wuya, da mayafi mai santsi da ba ya zama a kai.

"Mama, gaisuwa fa zai yi, ba hoto za a ɗauka ba."

"Sa. Wannan baƙar rigar taki kamar za ki ba da shaida a kotu."

Yaya ta zo taya girki, Ɗigo na maƙale da zaninta. Ana sauke tukunya Baffa ya yi sallama. Baffa ƙanin mahaifina ne. Gidansa na wata unguwa. Tun rasuwar Baba ban taɓa ganin ya shigo da ko ƙwayar ashana ba, amma hancinsa bai taɓa makara ba.

Ya tsaya tsakiyar falo ya duba ko'ina, idonsa ya sauka kan keken ɗinkin Mama da ke jikin taga.

"Maman yara, a fitar da wannan. Babban mutum zai shigo ya ga kamar shagon tela."

Keken nan ne ya ciyar da mu tun ina firamare. Shi ya sayi akwatin da na tafi karatu da shi. Na buɗe baki, Mama ta harare ni. Ita da Yaya suka ja shi zuwa ɗaki, ƙafafunsa na kukan ƙarfe a kan tayil. Baffa ya zauna a kujerar Baba yana nuna musu hanya.

Mataimaki ya iso cikin farar riga da aka goge har tana walƙiya, agogo mai faɗi, turare da ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaishe da Mama. Ya ɗora makullin mota kan tebur, a inda kowa zai gani. Gaskiya ya iya gaisuwa. Ya tambayi ciwon gwiwar Mama, ya ba Ɗigo alewa, ya yaba shayi. Ba zan ce muku ban ji komai ba. Mutum ne mai daɗin zama.

Baffa ya ga hira na neman wuce shi, sai ya gyara zama.

"Ai ni ma gwamnati ta san da zamana, Darakta. Lokacin da yaranku suka zo tambayoyi, sunana aka sa a gidan nan."

Na ajiye butar shayi.

"A matsayin wa, Baffa?"

"Maigida mana."

Na juya wurin Mama. Ta kaɗa hannu kamar tana korar ƙuda.

"Wata yarinya ce ta zo da na'ura. Ta ce wa ne maigida. Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce abin ba ya wucewa gaba sai an sa suna. Na ce to sa Baffansu."

"Ba ki ce ke ce ba?"

"Ni ce maigida? Gemu gare ni?"

Baffa ya yi dariya har yana dukan cinya. Yaya, da ke tsaye bakin ƙofa da faranti, ta ce, "Ni ma sun je wurina. Ta ce wa ne mai gida, na ce mai sayar da taya, shi ke karɓar haya. Har sai da na kira shi ya faɗa mini cikakken sunansa."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Masu karatu, ku tsaya a nan. Abin da binciken ke son sani shi ne wa ke ɗauke da gida. Abin da aka tambaya shi ne wa ne maigida. Ka tambayi mace haka, mijinta za ta kawo maka, ko yana raye ko yana kabari. In ba miji, ta laluba wani namiji a dangi. In 'yar haya ce, ta ba ka mai karɓar haya. Babu macen da za ta bugi ƙirji ta ce ni ce, don kalmar ba ta da wurin da mace za ta shiga. Gidaje biyu a falonmu, duka mata ke riƙe da su, duka an rubuta su da sunan maza. Ɗaya mai cin abincinmu, ɗaya mai sayar da taya.

Lissafin lafiyarsa ƙalau. Tambayar ce gurguwa.

Na kalli Mataimaki. Yana dariya tare da kowa, amma yatsansa na juya makullin mota. Bai kalle ni ba.

Da na raka shi bakin mota ban jira ya buɗe ƙofa ba.

"Ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Rigar nan ta yi miki kyau."

"Tambayar farko. Kai ka rubuta ta."

"Ni na rubuta."

"To a dakatar da rahoton."

Ya jingina da motar ya yi ajiyar zuciya, irin ta babba da yaro ya dame shi.

"Kin zaci ke kaɗai ke da kunne? Tun ana tsakiyar aikin wasu masu tambayoyin suka kawo ƙorafi. Lokaci ya ƙure. Da na tsayar, da an ce na ɓata aikin gwamnati."

"Ka sani ke nan."

"Na san ba a yin bincike marar tabo. Can inda kika yi karatu ma haka ne, sai dai su sun iya ɓoyewa. Za a gyara a zagaye na gaba."

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Idan wannan tsarin ya ƙare."

"Lokacin Ɗigo ta kusa gama firamare."

"In don Yaya ce, bar mini. Zan samo wa yarinyar wuri mai kyau, ni zan ɗauki nauyi."

"Sauran matan fa? Su ma za ka auri ƙannensu?"

Fuskarsa ta canja kaɗan, sannan ya mayar da murmushin.

"Darakta zai yi ritaya. Kin san wa ake kallo. Ba don kaina nake ba, don mu ne. Ki bar Talata ta wuce."

Ya shiga mota. Turarensa ya daɗe a bakin ƙofa bayan ya tafi.

Kafin in cire mayafi saƙonsa ya shigo.

*Na ji daɗin yau. Mama uwa ce.*

Wani ya biyo.

*Maganar ofis a bar ta a ofis, 'Yar Wajena.*

Da fure ja a ƙarshe. Na kife wayar.

Na samu Mama da Yaya a kicin suna wanke kofunan. Na gaya musu komai, har da gidan reno. Yaya ta tsaya da kofi a hannu, ruwa na zuba a kai.

"Wanne za a rufe?"

"Naku na ciki."

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe famfo, ta goge hannu a zani, ta tafi neman takalmin Ɗigo.

Mama ce ta juyo kaina.

"Yanzu me kike so ki yi?"

"In faɗa."

"A gaban manyansa? Ki kunyata mutumin da ya durƙusa mini ɗazu?"

"Shi ya kunyata kansa."

"Ke dai tun da kika dawo komai sai kin tsaga shi kin leƙa cikinsa. Ya ce zai ɗauki nauyin Ɗigo. Me ya rage? Kalma ɗaya ce za ta raba ki da miji?"

"Kalma ɗaya ta raba ki da gidanki, Mama. A wurin gwamnati Baffa ne ke ciyar da mu."

"Suna ne kawai."

"Da sunan ya sa kika ja keke zuwa ɗaki."

Ta koma kan kofunan. Daga falo Baffa ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai sauran nama.

Lahadi da Litinin Mama ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Mataimaki kuwa saƙo kan saƙo. Hoton wani gida mai baranda: *Ya kika gani?* Hoton labule: *Wane launi?* Ranar Litinin da yamma: *Gobe ke za ki riƙa canja hotuna a allo. Ki sa shuɗiyar nan.*

Na sa baƙar.

Ɗakin taronmu dogo ne, tebur ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, robobin ruwa a jere, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga cikin bokiti. Shugabar kwamiti dattijuwa ce, siririya, gilashi a kan karan hanci, ba ta dariya sai ta ga dama. Ni ina can ƙarshe kusa da kwamfuta. Aikina in danna.

Mataimaki ya yi jawabi mai kyau. Ya iya. Ya yi maganar tattalin dukiyar jama'a, ya yi maganar tsari da ke tsaye kan hujja. Na danna, zane ya fito: dogon ginshiƙi na gidajen maza, ɗan guntu na gidajen mata. Na san Mama da Yaya suna cikin dogon.

Shugaba ta ce, "Akwai mai magana kafin mu amince?"

Na ɗaga hannu.

Wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yar Waje za ta karanta mana takardar magani." Aka yi 'yar dariya.

"Ranki ya daɗe, ina neman izini in yi tambayar farko ta binciken nan a ɗakin nan, yadda aka yi ta a gidaje."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Yi."

Na juya ga sakatariyar da ke rubuta bayanan taro. "A inda kike zaune, wa ne maigida?"

"Haya nake. Wani ɗan kasuwa ne, ban ma taɓa ganinsa ba, wakilinsa ke zuwa."

Na juya ga jami'in kasafi, wanda ya yi maganar takardar magani. "Kai fa?"

"Ni ne mana."

Na kusa da shi ya ce, "A gidan mahaifiyarka? Kai da ake zuba wa abinci a kwano mai murfi?" Dariya ta ɗan fi ta ɗazu.

Saura mai wuyar.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. A gidanki, wa ne maigida?"

Daraktan sashenmu ya zaro mini ido. Ita kuwa ba ta motsa ba.

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Na'urar ba ta wucewa sai an sa suna. Wa za a sa?"

"Babban ɗana."

"Yana gidan?"

"Yana makaranta. Ni nake…" Ta tsaya. Ta cire gilashin ta ajiye kan takardu. Ta daɗe tana kallon allon.

"Wato ina cikin dogon nan."

"Kina ciki, ranki ya daɗe. Da mahaifiyata, da yayata. Da dogon nan ne za a rufe gidajen reno."

Na zauna.

Yanzu ku saurari abin da ya sa nake rubuta wannan da zafin rai. Na yi tsammanin zai musa. Na shirya wa musu. Na yi tsammanin zai yi fushi, na shirya wa wannan ma. Mataimaki ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya yi murmushi.

"Ranki ya daɗe, dama mun lura da wannan rauni a sashenmu. Shi ya sa na ga ya dace ƙaramar jami'armu ta nuna shi a aikace, don kwamiti ya gani da idonsa. Shawarata ita ce a jingine batun rufewa, a sake tambayar da kalmomin da suka dace."

Ko ƙifta ido bai yi ba.

Shugaba ta mayar da gilashinta. Ta dube shi, ta dube ni. Ban san me ta gani ba. Ta ce a cire batun rufe gidajen reno daga tsarin har sai an koma gidaje an tambayi wa ke ɗauke da nauyin gida. Ta ce Mataimaki ya jagoranci aikin, tunda shi ya gano matsalar. Darakta ya ce madalla. Aka tafa masa. Sakatariya ta rubuta sunansa.

A baranda ya iso ni, ya rage murya.

"Kin gani? Ke ki tono, ni in gyara. Wallahi mun dace."

Na wuce banɗaki na wanke fuska. Daga can na kira Yaya na gaya mata yadda aka yi, na ce ba za a rufe ba, aƙalla ba bana ba. Na ji ƙarar injin burodi a bayanta. Ta ce, "To." Sai ta sake cewa, "To, Auta." Ta kashe. Mu gidanmu haka muke godiya.

Da na dawo gida la'asar, tun daga ƙofa na ji sauti. Keke. Yana falo, jikin taga, a wurinsa. An sauke labule masu ruwan zuma. Mama na taka shi, ƙyallaye a ƙasa, allura a bakinta. Baffa na kan kujerar Baba da faranti a cinya, fuska a murtuke.

"Ki yi wa uwarki magana," ya ce. "Na riga na ce wa mutanen Darakta su zo Asabar mai zuwa. Su tarar da wannan tarkacen?"

Mama ba ta ɗago ba. "Yaya ta kira ni," ta ce mini ta gefen allura. "An ce kin yi rashin kunya a gaban manya."

"Na yi."

"An ce shi aka tafa wa."

"Shi."

Ta ci gaba da taka keke.

Wayata ta yi ƙara. Mataimaki.

*Ranar farin ciki ce yau. Manyana sun shirya Asabar. Sun ce in tabbatar musu wa ne maigida a gidanku, don su san wurin wa za su zo.*

Na karanta sau biyu. Ba da wasa ya rubuta ba. Har yanzu bai ji kalmar ba.

Na karanta musu da ƙarfi. Baffa ya ajiye cokali, ya share baki.

"Ba shi lambata."

Keken ya tsaya. Mama ta cire allurar daga bakinta ta soke ta a ƙyalle.

"Rubuta masa," ta ce.

"Me zan rubuta?"

"Ki ce ni ce."

Baffa ya buɗe baki. Ta ɗaga masa hannu ɗaya, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ki kuma ce masa ban ce kowa ya zo ba tukuna."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Na tura. Alamar ta nuna ya karanta. A saman allo na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Mama ta mayar da ƙafarta kan keke.